Jiran Admishan a Sakkwato: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Daga ranar da sakamakon JAMB, jarrabawar neman shiga manyan makarantu, ya fito har zuwa ranar da makarantu suka rufe ɗaukar ɗalibai, gidaje da yawa a Sakkwato ba su da zance sai na admishan. Uba zai tambaya in ya dawo daga sallar asuba, uwa za ta tambaya kafin ta ɗora girki, gwaggo za ta bugo waya daga Tambuwal ko Illela tana cewa, "Wai har yanzu ba su hiddo sunayen ba?" Yaron da ake ta tambaya kuwa bai san komai ba fiye da abin da ya gani a fuskar wayarsa. Babban kaso na wannan fargaba daga rashin sanin yadda ake ɗaukar ɗalibai yake tasowa, kuma a ƙarshe kan yaro take sauka, ko kuma ta kai iyaye hannun macuta. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin iyaye a irin wannan lokaci.

Yaro ya rubuta JAMB tun watanni da suka wuce. Me ya sa har yanzu shiru?

Saboda jarrabawar JAMB matakin farko ce kawai. Galibi ana rubuta ta ne a watan Afrilu zuwa Mayu. Bayan nan sai hukumar ta zauna da shugabannin manyan makarantu a tsayar da mafi ƙarancin makin shekarar, taron da kan faɗo wajen watan Yuli. Daga nan kowace makaranta ta buɗe tata tantancewar, wadda ake kira Post-UTME. Wasu jarrabawa suke yi, wasu kuma takardu kawai suke dubawa ta intanet. Wanda ya gama sakandare a shekarar dole ya jira WAEC ko NECO, su kuma sai wajen Agusta zuwa Oktoba suke fitowa.

Sai an haɗa duk waɗannan sannan makaranta take jera masu neman kowane kwas bisa makinsu, ta miƙa sunayen da ta zaɓa ga JAMB ta wani tsari na intanet mai suna CAPS, wanda aka fara aiki da shi a 2017 a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede. Jami'in ɗaukar ɗalibai ya gabatar, shugaban makaranta ya amince, JAMB ta duba ta sa hannu, sannan sunan ya bayyana wa yaro. Ba a kuma fitar da sunaye gaba ɗaya. Rukuni-rukuni ake yi, kuma tsakanin rukunin farko da na ƙarshe ana iya ɗaukar watanni.

Akwai kuma tsohon tabo. Annobar korona da yajin aikin malaman jami'a na 2020, da wanda aka yi daga Fabrairu zuwa Oktoba a 2022, sun hargitsa jadawalin jami'o'in gwamnati, har kowace ta koma tafiya da nata lokacin. Don haka in kun ji ɗan maƙwabcinku da ya nemi wata jami'a ya samu, hakan bai gaya muku komai ba game da naku yaron.

Amma ɗana ya wuce makin da JAMB ta yanke. Ashe ba ya ci ba ke nan?

Nan ne iyaye suka fi shan ruɗani. Jarrabawar maki 400 ce, darussa huɗu, Turanci na dole a cikinsu. A 2024 an tsayar da maki 140 ga jami'o'i, a 2025 aka ɗaga zuwa 150, kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi kuma 100. Ma'anar wannan maki ita ce babu makarantar da aka yarda ta ɗauki wanda bai kai shi ba. Bai ce dole a ɗauki wanda ya kai ba. Wanda ya wuce shi kamar matafiyi ne da ya shigo tasha: ya shigo, amma kujerun motar da yake so ƙididdigaggu ne.

Kowace jami'a tana iya sa nata maki sama da na ƙasa, kowane sashe kuma nasa ya danganta da yawan masu nema. A likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya da shari'a, hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i ne ke ƙayyade yawan ɗaliban da jami'a za ta ɗauka. Ko shugaban jami'a ba shi da ikon ƙara kujera yadda ya ga dama. Shi ya sa yaro mai maki 250 zai iya rasa likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, abokinsa mai 190 ya sami wani kwas a jami'ar guda, kuma ba a zalunci kowa ba.

Wani abu da ya kamata iyaye su riƙe kafin su ce yaro bai yi ƙoƙari ba: a alƙaluman farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin sama da mutum miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Yaron da ya kawo muku 180 ba abin kunya ya kawo ba. Sai dai a faɗa masa gaskiya da wuri, cikin taushi, cewa wannan maki zai yi wuya ya kai shi likitanci.

Ɗan Sakkwato yana da wani fifiko a jami'o'in da ke nan?

Yana da shi, kuma haƙƙinsa ne a ƙa'ida, ba alfarma ba. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta zalla daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko. Sakkwato tana cikin wannan jerin na ƙarshe, haka ma Kebbi da Zamfara. Ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ɗan Sakkwato yana da ƙofa uku ke nan. Jami'ar Jihar Sakkwato kuwa ta jiha ce, 'yan jiha ne a gaba.

Amma kada wannan ya sa a saki jiki. A cikin kason jiha ma gasa ake yi, kuma da sauran 'yan Sakkwato masu neman kwas ɗin nan yaronku ke karawa. Sannan dole jiha da ƙaramar hukumar da aka cike a fom su dace da takardar shaidar asali da za a gabatar ranar rajista.

To me ya rage a hannunmu? Akwai abin da za mu iya gyarawa yanzu?

Akwai, kuma a nan ya kamata ƙarfinku ya tafi. Ku zauna da yaron rana guda, ba don tuhuma ba, ku bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko kuma mafi hana yara gurbi cikin shiru: an ɗora sakamakon WAEC, NECO, NABTEB ko NBAIS a shafin JAMB? Yara da yawa suna yin rajista kafin sakamakonsu ya fito, daga baya su ɗora shi a shafin jami'a su ɗauka sun gama. Ba su gama ba. In babu shi a CAPS, makaranta ba za ta iya gabatar da sunansa ba ko da shi ya fi kowa maki. Ana ɗorawa ne a cibiyar da JAMB ta amince da ita ko a ofishinta na jiha, ba a kowane shagon intanet ba. Bayan an ɗora, yaron ya shiga da kansa ya gani da idonsa.

Sai kiredit: biyar ake nema a darussan da suka dace da kwas ɗin, da Turanci a ciki, da Lissafi ga kwasa-kwasan da ke buƙatarsa, a zama ɗaya ko biyu. Wasu kwasa-kwasan kamar likitanci zama ɗaya suke so a jami'o'i da yawa. Ku duba kuma ko darussa huɗun da ya rubuta a JAMB su ne waɗanda kwas ɗin ke nema. Mai shagon da ya cike wa yaro fom da ka yana iya haɗa masa darussan da ba su kai ko'ina.

Ku kwatanta suna da ranar haihuwa a NIN, a JAMB, da kan sakamakon sakandare. A wajenmu wannan matsala ce ta gaske: a wata takarda Muhammadu, a wata Muhammad, a wata an sa sunan gari a ƙarshe, a wata sunan kaka. Gyaran yana ɗaukar lokaci, gara a fara tun ana jira. Shekarun shiga kuma 16 ne, sai 'yan ƙalilan masu hazaƙa ta musamman da ake yi wa tantancewa daban.

Layin wayar da aka yi rajista da shi kada a yar, kada a bar shi ya mutu. Lambar sirrin shiga shafin ta zauna tsakanin yaro da iyayensa. Sannan ku tabbata ya yi rajistar tantancewar makarantar da ya zaɓa, domin makarantu da yawa ba sa duba wanda bai sa su a zaɓin farko ba.

In duk waɗannan sun yi daidai, aikinku na takardu ya ƙare. Abin da ya rage jira ne da addu'a.

Yaro ya ce an rubuta masa wani abu da Turanci a shafin. Me ake nufi?

In ya ga "Not Admitted", ma'anarsa ba a ba shi gurbi ba zuwa yanzu. Muddin makarantar ba ta rufe ɗauka ba, wannan rubutu yana iya sauyawa. In ya ga "Admission in Progress", sunansa ya shiga hanya, ana jiran sa hannun ƙarshe. Alama ce mai kyau, amma kada a fara rabon goro tukuna. In an ba shi, zai ga sunan makaranta da kwas, da wurin danna amincewa ko ƙi. Akwai wa'adi a kan wannan, kuma wanda ya amince ya rufe wa kansa ƙofar sauran makarantu a wannan shekara, don haka a yi shawara kafin a danna, amma kada a yi nawa.

Wani lokaci makaranta takan ga bai kai makin kwas ɗin da ya nema ba, sai ta yi masa tayin wani. Wannan tayi ma a CAPS yake bayyana, kuma sai ya amince da sauyin sannan za a ci gaba da maganarsa. Yaron da ba ya leƙa shafin yana iya rasa gurbi ta nan ba tare da ya san an taɓa yi masa tayi ba.

Wani ya ce yana da hanya, in mun ba shi kuɗi zai sa sunan yaron. Mu bayar?

Kada ku bayar. Dabarar yawancinsu ɗaya ce: su karɓi kuɗin mutum goma, su zauna su jira kamar yadda kuke jira. Wanda sunansa ya fito da cancantarsa su ce aikinsu ne, wanda bai fito ba su ce a ƙaro wani abu don rukuni na biyu. Wasu kuma sukan buga takardar admishan ta bogi mai tambari da sa hannu. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma ɗalibin da sunansa ba ya cikin rajistar JAMB zai gamu da matsala ranar da za a tura shi hidimar ƙasa, bayan ya ƙarar da shekara huɗu ko biyar. Mafi muni shi ne a ba baƙo lambar sirri: yana iya sauya kwas ko makaranta, ko ya riƙe shafin ya ce sai an biya shi.

Wannan daban yake da tambayar ɗan'uwa ko maƙwabci da ke aiki a jami'a ya yi muku bayanin inda aka kwana. Tambaya ba laifi ba ce. In kuma kuna ganin an tsallake yaronku an ɗauki wanda bai kai shi maki ba a kwas ɗaya kuma a kaso ɗaya, JAMB tana da wurin shigar da ƙorafi a shafinta, tana kuma da ofis a Sakkwato. Ku bi ta nan.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗin ciwo. Yaron da ya ga mahaifinsa ya sayo masa kujera ya ɗauki darasi tun bai shiga aji ba, kuma kujerar nan ta ɗan wani ce wanda shi ma uwarsa ba ta barci.

Gaskiya ni kaina na fi yaron damuwa. Ba na barci. Yaya zan yi da raina?

Ba ku kaɗai ba ne, kuma damuwar tana da dalili. An biya kuɗin makaranta shekara da shekaru, an biya na darasin yamma, na WAEC, na NECO, na JAMB, wani ya sayar da tunkiya, wata ta kwashe adashinta. Wasu iyayen su kansu ba su sami damar zuwa jami'a ba, sun ɗora burinsu duka a kan wannan yaro. Wanda ya ce muku "ku daina damuwa" kawai bai taimake ku ba.

Abin da ke taimakawa shi ne a yi wa damuwar iyaka. Ku tsayar da rana ɗaya ko biyu a mako da za a duba shafin, ku da yaron, a lokaci sananne. Leƙawa sau goma a yini ba ya gaggauta sa hannun kowa, jini kawai yake tayarwa. Ku rage sauraron jita-jitar WhatsApp da Facebook, inda kullum wani ke cewa "gobe za a saki" ko "an riga an rufe". Sanarwar da za a dogara da ita ita ce ta shafin makarantar ko na JAMB.

Ku tsara abin da za ku yi in ba a samu ba, tun yanzu, ku da abokin zama. Mutane suna gudun wannan magana suna ganin kamar mugun fata ce. Ba haka ba ne. Uban da ya riga ya san cewa in Danfodiyo ba ta yiwu ba akwai hanya ta biyu da ta uku yana kwana da nutsuwar da wanda ya rataya komai a ƙofa ɗaya ba ya samu.

Sai tawakkali na gaskiya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. In kun duba takardun nan, kun ɗaure naku. Ku yi addu'a, ku yi sadaka, ku roƙi zaɓin Allah maimakon ku tsaya kan kwas ɗaya da makaranta ɗaya. Mai hawan jini ko ciwon suga kuma kada ya yi wasa da maganinsa a waɗannan watanni. In rashin barci ya kai makonni, ko ƙirji yana bugawa, ko abinci ya fita rai, a ga likita.

Yaron ya zama shiru-shiru, ba ya fita, ba ya son magana. In matsa masa ko in ƙyale shi?

Kada ku matsa, kada kuma ku ƙyale. Ku tuna shi ma yana ganin abokansa suna ɗora hoton takardar admishan, kuma duk tambayar da aka yi masa yana jin ta kamar zargi. "Mi aka ciki?" da safe, da rana, da dare, ga babba tambaya ce, ga yaro tuni ne cewa har yanzu bai kawo komai ba.

Ku gaya masa a fili, sau ɗaya, da bakinku: "Ka yi naka, mun gani. Ko an samu bana ko ba a samu ba, kai ɗanmu ne, kuma za mu nemi hanya tare." Iyayenmu ba su saba furta irin wannan ba, a aikace suke nunawa, amma wannan lokaci ne da yaro ke buƙatar ya ji da kunnensa. In nauyin baki ya hana uba, uwa ta faɗa, ko kawu, ko yayan da yake jin maganarsa.

Ku kiyayi kwatance, musamman a gidan da ke da mace fiye da ɗaya. In ɗan wannan ɗaki ya samu na wancan bai samu ba, kalma ɗaya daga uba tana iya dasa abin da zai daɗe tsakanin 'yan'uwa. Ku kiyayi baki kuma. Annabi ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, kuma "ba za ka taɓa zama komai ba" da aka faɗa cikin fushi tana zama a zuciyar yaro bayan an manta da makin JAMB.

In ya daina cin abinci, ya daina wanka, barcinsa ya rikice na tsawon makonni, ko kuka ji yana cewa gara ma ba ya duniya, wannan ya wuce ɓacin rai. Kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Danfodiyo da kuma asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa da ke Kware. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace.

Dangi da maƙwabta sun dame mu da tambaya. Me za mu ce musu?

"Muna jira, a taya mu da addu'a." Ya isa. Ba dole ku faɗi makinsa ba, kuma bai kamata a tattauna shi a gabansa a wurin biki ko suna ba.

Me zai riƙa yi a waɗannan watanni?

Jiran yana iya kai wata shida ko fiye, kuma ko bayan an samu akwai tazara kafin a fara karatu. Wannan lokaci mai yawa ne a rayuwar ɗan shekara 17. Yaron da ba shi da abin yi sai waya da majalisa har tsakar dare, shi ne wanda ya fi shiga ƙunci, shi ne kuma wanda miyagun abokai suka fi saurin samu.

Ku ba shi abin da zai tashe shi da safe. Koyon kwamfuta yana kan gaba, domin daga rajista har jarrabawa yanzu da ita ake yi. Sai sana'a: ɗinki, gyaran waya, aikin lantarki da haɗa sola, dukanci wanda Sakkwato ta yi suna da shi tun da, ko zama a shagon kawu a kasuwa ya koyi lissafin kuɗi da mu'amala da mutane. Wanda ya bar hadda saboda jarrabawa ya koma ya ƙarasa. In kuma kuna ganin alamar sai an sake JAMB, ya ci gaba da bitar darussansa awa ɗaya ko biyu a rana, kada littafi ya yi sanyi. A bar shi ya sa baki a zaɓin; sana'ar da aka tura yaro don hukunci ba ta zama.

'Yata ce ke jira, ga masu neman aurenta, dangi na cewa zaman me take yi. Ya zan yi?

Tambayar farko a yi wa ita yarinyar, a keɓe, ta bakin wanda ba ta jin nauyinsa. Jinkirin admishan ba hujja ba ce ta yanke mata karatu. Wata shida na jira ba zaman banza ba ne in tana da abin yi, kuma matsin da ake yi wa 'ya mace a wannan tsakani ya fi na namiji nesa ba kusa ba.

In akwai manemi na kirki kuma tana so, aure da karatu ba sa korar juna. Mata da yawa suna zuwa Danfodiyo da sauran makarantun garin nan daga ɗakunan mazajensu. Amma a yi maganar karatun a fili tsakanin waliyyai kafin a ɗaura, a san wa zai biya, a san ta yaya za ta riƙa zuwa Dundaye, inda babban mazaunin Danfodiyo yake, ta dawo. Alkawarin "ai za ta ci gaba" da aka yi a tsaitsaye shi ne ya fi saurin narkewa. A garin da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka su karantar da mata, ba sai an roƙi kowa ya yarda cewa ilimin 'ya mace gado ne ba. Kuma duk wanda ya taɓa kai matarsa asibiti yana fatan ya tarar da likita mace ko ungozoma ya san amfanin abin.

An ba shi gurbi, amma ba kwas ɗin da muke so ba. Ya karɓa?

Ku fara raba abu biyu: kwas ɗin da shi ba ya so, da wanda ku ba ku so. Sau da yawa likitancin burin iyaye ne, yaron kuwa zuciyarsa tana wani wuri. In shi yana son abin da aka ba shi, ku sa masa albarka. A jihar da noma da kiwo ke riƙe da mafi yawan jama'a, kuma makarantu ke kukan rashin malaman kimiyya, raina aikin gona, likitancin dabbobi ko koyarwa ba shi da tushe.

In kuma shi ne ba ya so, ku auna da gaskiya: tazarar makinsa da na kwas ɗin da yake buri kaɗan ce ko mai yawa? Zai iya jure wata shekara a gida? Kada ku dogara da "ya shiga kawai daga baya a sauya masa". Sauyin sashe yana da sharuɗɗa, kuma zuwa kwasa-kwasan da aka ƙayyade wa kujeru abu ne mai wuya ƙwarai.

In an rufe ɗauka bai samu ba fa? Shekarar ta tafi ke nan?

Ba dole ba. Tun kafin a rufe, ana iya sauya makaranta ko kwas a cibiyar JAMB da kuɗi kaɗan, zuwa inda makinsa ya isa. A cikin jiha akwai Jami'ar Jihar Sakkwato, Jami'ar Ilimi ta Shehu Shagari, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gidan Madi, kwalejin kiwon lafiya ta Sultan Abdurrahman a Gwadabawa, kwalejojin aikin jinya, da ta aikin gona a Wurno. A maƙwabta akwai jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau.

Wanda ya yi NCE ko difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Haka ma wanda ya yi IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da jarrabawarsa. Sai dai a tabbata cibiyar da za a kai yaro tana da izini, domin JAMB tana bincikar waɗannan takardu kafin ta amince, kuma akwai cibiyoyin bogi. Hanyar tana da ɗan tsawo, amma digirin da za a karɓa a ƙarshe iri ɗaya ne.

Makin JAMB na shekara ɗaya ne, don haka mai son sake gwadawa sai ya sake rajista, wadda kan buɗe a farkon shekara. In za a sake, a sake da gyara: a gano darasin da ya ja shi ƙasa, a ba shi damar yin atisaye a kan kwamfuta, a zaɓi kwas da makaranta da ido buɗe.

In Allah ya sa an samu, wane shiri na kuɗi ya kamata mu yi tun yanzu?

Ku fara tarawa tun ana jira, domin in sunaye suka fito wa'adin biya gajere ne, kuma abubuwan a tare suke zuwa: kuɗin amincewa da gurbi, na rajista, na gwajin lafiya, na ɗakin kwana ko haya, da kuɗin mota ko kabu-kabu na kullum ga mai zuwa daga gida. Duk biya a yi shi ta hanyar da makarantar ta bayyana a shafinta, ba cikin asusun wani mutum ba, kuma a adana kowane rasit.

Tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND, ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba a ɗora masa ruwa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiya, sannan biyan bashin yana farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ana nema ne bayan an zama ɗalibi, kuma ana buƙatar NIN, BVN da lambar JAMB, don haka yaron da bai da asusun banki da sunansa ya buɗe yanzu. Ku leƙa hukumar tallafin karatu ta jiha ku ji lokacin da take karɓar takardu. Sannan ku haɗa takardar haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon firamare da na sakandare da hotunan fasfo a jaka ɗaya, a yi kwafinsu, a ajiye inda kowa a gidan ya sani.